Ƙofar Motar Datuk

Funtua, 9 ga Janairu

Zuwa ga Zulkiflu ɗan Hasanatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan ƙalau, in ka cire tsufa. Innarka Ulfa tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi. An dawo da 'yata Khaulah makarantar da ke bayan gidanmu, yanzu a nan take koyarwa. Ita za ta ɗauki hoton takardar nan da wayarta ta tura maka, tunda ka san kunnuwana sun daɗe da yin ritaya. Shekara arba'in da biyar injin zarto yana kuka a kaina, ai dole. Ka daina bugo waya kana ihu, bakinka kawai kake wahalarwa.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Idona na hagu ya tafi. Tun bara nake ganin duhu-duhu a gefe, na ɗauka tabarau ne ya tsufa. Likita a Zariya ya ce hawan jinin ido ne, kuma na zo a makare. Na dama ma ya kama hanya, yanzu ina gani ne kamar mai leƙe ta bututu. Na tambaye shi kai tsaye, saura nawa? Ya rubuta mini a takarda: wataƙila shekara, wataƙila ba za ta kai ba.

To ka duba da kanka. Ni kurma ne. Ran da idon nan ya rufe, ba magana, ba takarda, shi ke nan an kulle ni a ciki. Ba tsoron mutuwa nake yi ba, wallahi wannan nake tsoro.

Na san dangantakarmu sai an zauna an warware ta, kakanka na wajen uwa da ubana ciki ɗaya suka fito. Amma a farfajiyar aikina ka girma tun ran da aka binne uwarka, ni na ɗora maka guduma a hannu. Shekara shida rabona da fuskarka sai a waya, ita kuwa waya ban yarda da ita ba, kowa kyau take yi masa.

Ka zo in gan ka. Ba roƙo nake yi ba, kira ne.

Kawunka,
Bala mai bodin katako


Danau Kota, Kuala Lumpur, 16 ga Janairu

Kawu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na durƙusa na gaishe ka, da Inna da Khaulah da duk mutanen layi. Ina nan lafiya, sai ruwan sama da ba ya fashin la'asar. Labarin idonka ya hana ni cin abinci ranar. Allah Ya tsayar da shi a nan, Ya sa kaffara ne.

Zan zo, Kawu, in Allah Ya yarda. Sai dai akwai aiki a hannuna da ba zan iya bari a tsakiya ba. Da zarar na gama zan taso.

Bari in ba ka labarinsa, don na san zai faranta maka. Mota ce ta shekarar 1936, ta wani mai kuɗi da ake kira Datuk, sarauta ce ta nan. Ka san abin mamaki? Turawan Ingila na da, irin aikinmu suke yi sak. Mai kuɗi zai sayi inji da shasi tsirara a kamfani guda, sai a tura wa wasu daban su gina masa bodi yadda ransa ke so, kamar yadda direbobin auduga ke kawo maka roka ba komai a bayanta. Waɗanda suka gina wannan, sunansu Brackwell da 'Ya'yansa. Kakansu keken doki yake ƙerawa. Da mota ta fito, sai jikokin suka cire dokin suka ci gaba da abin da suka iya. Su kafa ƙashi na katako, sannan su buga alminiyam da hannu har ya kwanta a kansa. Wata shida, mota ɗaya. Lokacin yaƙi aka sa su yin fukafukan jirgi. Bayan yaƙi kamfanonin mota suka fara buga bodin ƙarfe da inji, ɗari a rana, sai aiki ya ɗauke musu, suka rufe. Da na karanta wannan sai na tuna ranar da Alhaji Iro ya kai sabuwar motarsa wajen masu walda maimakon wajenka, ka wuni ba ka yi wa kowa magana ba.

Wani Bature mai gonar roba ne ya kawo ta ƙasar nan ta jirgin ruwa. Ta yi shekara hamsin a rumfa, gara ta cinye ƙashin tas, fatar alminiyam kawai ta bari. Duk garejin namu babu wanda ya taɓa haɗa katako da mota sai ni, saboda haka Bos, mai garejin, ya damƙa mini. Da na ɓare ƙofar hagu, sai ga rubutu da fensir a jikin guntun katakon da ya rage: T. Ollery, Maris 1936. Wani kafinta ne ya sa sunansa inda ba mai gani. Na daɗe ina kallonsa.

Saura kaɗan in gama. Ƙofar hagun nan ce kawai take ba ni ciwon kai, da safe ta rufu, da yamma ta ƙi.

Ɗanka,
Zulkiflu


Funtua, 21 ga Janairu

Zulkiflu,

Muna lafiya. Ba doguwar gaisuwa yau.

Khaulah ta bugo mini takardarka da manyan baƙaƙe, na karanta sau biyu da ɗan guntun idon da nake tattali. Layi uku a kan idona, shafi guda da rabi a kan motar Baturen da ya mutu tun ba a haifi uwarka ba. Madalla! Har kafintansu ka san sunansa. Shi ka tsaya kallo ka daɗe, ni kuma in jira a gama ƙofa.

Kai, Zulkiflu! Ka ce zai faranta mini? Ni na ce maka labari nake so? Motar da ta yi shekara hamsin a rumfa ba za ta iya ƙara wata ɗaya ba? Ko kuwa ka sha ruwan birni ne, Funtua ta yi maka ƙauye? Faɗa mini gaskiya, ba zan mutu ba. Na riƙi yara goma sha huɗu a farfajiyar nan, da yawa sun tafi ba su waiwayo ba, ban ji komai ba. Naka ne ya yi mini zafi, kuma ba zan ɓoye ba.

Ka zauna da motarka. Allah Ya ba da sa'a.

Bala

Gam ka zuba a mahaɗar ginshiƙin ƙofar, ko? Kada ka ba ni amsa, ba ruwana.


Funtua, 24 ga Maris

Yaya Zulkiflu,

Barka da shan ruwa. Wata biyu ke nan shiru, na tura saƙo ka gani ka ƙi amsawa, na kira ka ƙi ɗauka. To sannu, Baturen Maleshiya. Kullum bayan azahar Baba sai ya zo ya tsaya a kaina ya ce wai yana neman carbinsa, alhali yana wuyansa. Wayata yake kallo. Makon jiya ya yi karo da turmi a tsakar gida, ƙaurinsa ya fashe, ya ce wai turmin ne aka canza wa wuri. In fushi kake yi, ka yi da ni, ni ce abokiyar wasanka. Shi ba shi da lokacin da za a ɓata.

Khaulah


Danau Kota, 27 ga Maris

Kawu,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ina gaida Inna. Khaulah, na ji, kuma kin yi gaskiya. Ba fushi ba ne, kunya ce. Sau huɗu ina fara takardar nan ina yagawa.

Kawu, ban faɗa maka gaskiya ba. Fasfona ba ya hannuna. Shekara uku ke nan.

Ka tuna lokacin da cutar nan ta rufe duniya karatuna ya tsaya, na ce muku na samu aiki? Bos ne ya ɗauke ni, ya yi mini takardar izinin aiki da sunan garejinsa, ya karɓi fasfo wai zai ajiye mini kada ya ɓace. Yana cikin akwatin ƙarfe a ofishinsa, ina wucewa ta gabansa sau goma a rana. Mutumin ba ya zagi, ba ya tsawa. In na tambaya sai ya dafa kafaɗata yana murmushi, ya ce boleh, boleh, wato babu damuwa, wata mai zuwa. Wata mai zuwan nan har yau bai tsaya ba.

Ɗakina a saman garejin yake, tagarsa tana kallon bangon wani dogon bene. Ina jin wucewar jirgin ƙasa amma ban taɓa shigarsa da kwanciyar hankali ba, don hoton fasfo kawai nake yawo da shi a aljihu. Daga gareji sai shagon abinci na Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, na kan kwana, inda nake sayen shinkafa a ƙunsa mini, sai masallaci. Duniyata ke nan, titi huɗu. Yaranmu 'yan makaranta suna wucewa da jakunkunansu suna hira, su gaishe ni da Oga Injiniya, ni kuwa in amsa kamar gaske.

Za ka ce in gudu in kai ƙara. Akwai wani Fatihu ɗan Gusau, abin da ya yi ke nan a wani wurin aikin. Mai gidansa ya riga shi kai rahoto cewa ya tsere, aka tsare shi wata tara kafin a sa shi a jirgi. Idonka ba shi da wata tara na caca. Gaba kura, baya siyaki.

Da takardarka ta farko ta zo, na shiga ofis na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi kuka a gaban mutum. Bos ya ce, ranar da Datuk ya tuƙa motarsa ya fita daga garejin nan, ranar zan buɗe akwatin. Ka ga abin da nake nufi da sai na gama. Ƙofar nan ita ce tikitina.

Kuma eh, gam na sa. Mai ƙarfi, irin na zamani. Katakon daga Ingila aka kawo shi a naɗe cikin leda, busasshe ƙayau, na yanka shi a ranar. Sau uku ina sake ƙofar. Da safe ta rufu lafiya, ana yin ruwan la'asar sai ta cije, har alminiyam ya fara tsagewa a kusurwa. Kaina ya ƙulle. Ka taimake ni, Kawu.

Ɗanka mai laifi,
Zulkiflu


Funtua, 30 ga Maris

Ɗana Zulkiflu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙaurin ya warke. Ka yi haƙuri da girman rubutun, layin takarda ya daina bayyana mini.

Innalillahi. Shekara uku kana cikin wannan, kana turo mana hoto kana dariya? Na zage ka a kan abin da ban sani ba, ka yafe mini. Amma kai ma wawa ne, ciwon da aka ɓoye ai shi ke ruɓewa. Wannan Bos naka mai murmushi, na bar shi da Allah. Yanzu share hawaye, mu yi aiki.

Kurakuranka biyu, kuma duka na hana ka su tun kana da gashin baki uku.

Na farko, katako baƙo ne. Ba a sauke baƙo daga mota a ɗora masa kaya. Maɗacin da ake kawo mini daga kudu, ka taɓa ganin na taɓa shi da zarto kafin ya kwana arba'in a rumfa? Cire ledar nan, ka jera shi a inda iska ke ratsawa, ka sa ƙananan itace a tsakani. Bar shi ya sha damshin garin ya kumbura iya kumburinsa. Kwana arba'in, ko ɗaya kada ka rage. Na san kana ƙirga mini kwanaki, ni ma ina ƙirgawa, amma gaggawa ita ta sa ka yi sau uku.

Na biyu, gam na kujera ne da kabad, abin da ke zaune wuri ɗaya. Mota tafiya take, shasi yana murɗawa. In ka ɗaure mahaɗa tamau, ƙarfin ba shi da wurin zuwa sai ya fasa fata. Ka yanka mahaɗar ta shiga da dukan tafin hannu, ba da guduma ba. Ka ninka takardar buhun siminti biyu, kaurinta shi ne sararin da za ka bari a gindin mahaɗar. Ka shafe ciki da kakin zuma, ka kama da sukurori biyu, kada su zauna a layi ɗaya. Je ka duba guntun katakon Baturen nan naka, Olari yake ko wa? In ka ga gam a jikinsa, ka canza mini suna.

In ka gama, kada ka yarda da idonka. Rufe shi ka bi aikin da tafin hannu. Ka tuna allon bayan motar Ɗan'azumi, da ka cusa ƙullu a tsagar katako ka shafe da fenti kore? Ban gani ba, hannuna ne ya gaya mini. Na sa ka kwance shi gaba ɗaya a gaban direba, kana shekara goma sha bakwai kana huci. Abin da na ce maka ranar shi nake maimaitawa: wanda ya ba ka motarsa ya ba ka ransa, ko kana sonsa ko ba ka sonsa.

Yi maza a hankali. Ina nan ina ɗiga maganin safe da yamma.

Kawunka,
Bala


Danau Kota, 22 ga Yuni

Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, da fatan an yi layya lafiya. Ina gaida Inna da Khaulah, wadda ta sha tura mini ƙirgen kwanakin katako kamar ita ce za ta haife shi.

Ƙofa ta rufu. Na duba guntun Ollery kamar yadda ka ce, babu ɗigon gam, sai wani abu mai maiƙo da ya bushe. Sunanka yana nan yadda yake. Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Buhun siminti ma sai da na roƙa a wurin masu gini. Yanzu da yatsa ɗaya ake tura ta, ta ce ƙyat, ko ana ruwa ko ana rana. Na rufe ido na shafa, ban ji komai ba. Kafin in rufe fatar na ɗauki fensir na rubuta a ciki: Bala, Funtua.

Datuk ya zo ranar Laraba. Ya buɗe ya rufe ya fi sau ashirin yana dariya kamar yaro. Ya rungume ni. Ya tuƙa ta ya fita, ina tsaye ina kallon bayanta. Na wanke hannu na shiga ofis.

Kawu, tsugune ba ta ƙare ba. Bos ya tashi ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini shayi. Ashe Datuk ya riga ya kawo abokansa sun ga aikin tun ana tsakiyarsa. Motoci biyu suna hanya, duka na Brackwell ɗin nan, ɗaya daga Ipoh, ɗaya daga Penang. Ya ce ya sabunta mini izinin aiki, fasfo yana wurin masu buga hatimi, ba ya ma cikin akwatin. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Allah masani. Na ce alkawari fa? Ya ce ai bai karya ba, a gama waɗannan biyun tukuna, boleh? Ya ce duk ƙasar nan babu mai hannu irin nawa. Yana faɗa yana murna, yana jira in yi godiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai, akwai wani mai fenti a nan, Zaid, mutumin Bangaladash. Hannunsa ya fara rawa, ya ɓata murfin inji sau biyu. Cikin mako ɗaya aka miƙa masa fasfonsa aka raka shi filin jirgi. Shi da ya lalata aiki yana gida cikin 'ya'yansa. Ni da na gyara, ga ni.

Mota ɗaya wata bakwai ta ci.

Zulkiflu


Funtua, 25 ga Yuni

Zulkiflu,

Salam. Lafiya lau. Da alli nake rubutu a allon ɗaliban Khaulah, tana ɗaukar hoto tana gogewa, rubutun biro ya ɓace mini.

Ashe da hannuna na ƙara maka kwaɗo. Garin neman gira. Da na sani da na bar ka da gam ɗinka.

Saurara. Ba a ɗaure jakin da ba ya ɗaukar kaya. Abin da mai fenti ya samu kai ma za ka samu. Yanka katakon ɗanye. Zuba gam, zuba da yawa. Bari ƙofar ta cije, fatar ta tsage a gaban mai ita. Sau biyu ya isa, zai kore ka da kansa.

Shekara arba'in da biyar ban taɓa ce wa mutum ya ɓata aiki ba. Yau na ce. Zunubin a wuyana, ni zan amsa.

Abin da nake gani yanzu bai fi bakin kwalba ba. Fuska ɗaya za ta shiga in an matso. Yi sauri.

Bala


Danau Kota, 18 ga Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaida kowa. Lafiyata ƙalau.

Motar Ipoh ta iso tun farkon watan jiya. Na yi niyyar bin umarninka, Allah shaida. Na sayi gam da kaina. Ranar Litinin na yanka mahaɗar ginshiƙi, na cika ta da gam har yana tsiyaya, na ɗaure tamau, na tafi sallar la'asar. A raka'a ta biyu na rasa abin da nake karantawa. Mai motar wata tsohuwa ce, ta mijinta ce da ya rasu, ta ce so take ta kai jikarta ɗaurin aure a ciki. Ba ta yi mini komai ba. Ƙofofin nan ta gaba suke buɗewa, in ginshiƙi ya fashe ana cikin gudu, iska ce za ta fizge ta. Na sallame na dawo da gudu, na kwance tun bai kama ba, na kankare shi tas. Ina kankarewa ina zagin kaina.

Na sake gwadawa bayan mako biyu, a wurin da ba zai cuci kowa ba, murfin akwatin baya. Kawu, hannun ne ya ƙi. Ina kallonsa ya ɗauko takardar siminti ya ninka. Kai ka yi shi haka, ban san yadda ake kwance shi ba.

Ban ce na fi son katako da kai ba. Wallahi ban ce ba. Zan sake gwadawa a ƙofar dama, wataƙila in iya. Ka ƙara mini kwanaki kaɗan.

Hajiya Bashira mai sarin yadi a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman za ta taso Kano jibi. Na ba ta ƙaramin ƙunshi, ɗanta zai kawo Funtua. Mahaɗa ce da na yi da ragowar katakon, irin wadda ke cikin motar, don ka ga abin da kake koyarwa daga nesa.

Ka yafe mini.

Ɗanka,
Zulkiflu


Funtua, 7 ga Satumba

Yaya,

Assalamu alaikum. Inna tana gaishe ka. Baba yana cin abinci, jikinsa da ƙarfi. Ni ce zan rubuta daga yau.

Idon ya rufe ranar Alhamis ta makon da ya wuce. Ya tashi da safe ya ce wa Inna me ya sa ba a buɗe taga ba, alhali rana har kan tabarmarsa. Bai yi kuka ba, mu ne muka yi. Takardarka ta zo kafin nan, na buga ta da baƙaƙe manya-manya, kalma uku a shafi, amma ya kasa haɗa su. Ya ce in ajiye sai gari ya ƙara haske. Tana nan a ƙarƙashin matashinsa, bai san abin da ke ciki ba. Yanzu in muna son gaya masa abu, a tafin hannunsa nake zana baƙi ɗaya ɗaya. Ci. Sha. Sallah. Fiye da haka yana gajiya ya janye hannun.

Na yi fushi da kai, Yaya, ba zan yi maka ƙarya ba. Da ni ce da na zuba gam ɗin har a kujerun. Na yi niyyar in ƙi ba shi ƙunshin ma.

Jiya ɗan Hajiya Bashira ya kawo shi. Na kwance na sa masa a cinya, ban zana masa komai ba. Ya ɗauka ya shinshina. Ya bi gefe da babban yatsa, ya juya, ya lalubo sukurorin biyu, ya ji ba a layi ɗaya suke ba. Ya murɗa shi kusa da ƙirjinsa, a hankali, ya sake murɗawa. Sai ya sa farce a gindin mahaɗar, ya tsaya a nan ya daɗe. Ka san yadda yake magana da ƙarfi tunda ba ya jin kansa. Har maƙwabta sun ji.

Ya ce, "Wannan hannun Zulkiflu ne. Babu gam."

Na kama tafinsa zan zana masa cewa ka gwada, ya ƙwace. Ya ce, "Na sani. Ya ƙi jin maganata, ɗan banza. Aiki ya yi kyau." Sai ya yi dariya, hawaye na zuba daga idanun nan da ba sa ganin komai. Inna ta tashi ta shige ɗaki.

Ya hana a karɓi katakon, da shi ya yi sallar azahar a aljihu. Da yamma ya kira ni ya ce in rubuta maka wannan, kuma kada in gyara masa magana:

"Ka daina aiko takarda, ka riƙa aiko katako, shi nake iya karantawa. Sauran ƙofofin kuma ka yi su yadda na koya maka. Ka jefar da gam ɗin nan. Yanzu babu sauran gaggawa."

Ƙanwarka,
Khaulah